Baƙuwar da ta zama ƴar gida: tarihin taliya a Maraɗi da Tsibirin Gobir

A yau idan baƙi suka yi sallama a wani gida na Maraɗi ko na Tsibiri ana gab da magariba, tuwon da aka tuƙa kuwa ba zai kai kowa ba, uwargida ba ta tayar da hankalinta. Sai ta miƙa wa yaro ƴan kuɗi ya sheƙa wurin mai tebur ya sayo ledar taliya, ta dubi babbar ɗiyarta ta ce: «Ke, aza ruwa.» Kafin maza su komo daga masallaci an tafasa, an tsane, an zuba soyayyen mai da albasa, an barbaɗa yaji, an ajiye kwanon kusa da na tuwo. Baƙi su ci su yi hamdala, asirin gida ya rufu, ba kuma wanda zai ga an yi wani abin mamaki.

Amma da za a komar da wannan maraice baya da shekara ɗari, da labarin ya sha bamban. A wancan zamani abincin alkama na biki ne da na masu hali, yawancin mutanen ƙauyukan da ke bakin gulbi kuwa sukan yi shekara ba su ɗanɗana shi ba. Tafiyar da taliya ta yi daga akushin attajiri zuwa tukunyar talaka ta ratsa hamada da teku, ta bi ta zamanin yaƙi da na gyaɗa da na fari. Sauƙin da ta kawo wa mata na gaske ne, yana kuma da farashin da ba a murhu ake biyansa ba.

Suna da asali

Sunanta kaɗai ya isa ya nuna baƙuntarta. Mutane da yawa suna danganta kalmar «taliya» da ƙasar Italiya, wadda Larabawan arewacin Afirka ke kiran mutanenta «Talyan». Akwai kuma wata tsohuwar kalmar Larabci mai kama da ita a kunne, wato «itriya», sunan busasshen kwaɓin alkama da ake ja kamar zare. Masanin ƙasa al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a shekarar 1154 a fadar Sarki Roja na biyu na tsibirin Sisiliya, ya ambaci wani gari mai suna Tarabiya, kusa da birnin Palermo, inda ake yin itriya mai yawan gaske, ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista.

Wannan shaida ta rushe wani labari da ya bazu a duniya, cewa wai matafiyin nan Marko Polo ne ya kawo wa Turai taliya daga ƙasar Sin. Shi dai a shekarar 1295 ya komo gida, alhali tun a 1279 an rubuta kwandon makaroni cikin kayan gadon wani mutum a birnin Jenowa. Mutanen Sin suna da tasu taliyar tun da daɗewa, amma wadda ta iso ƙasar Hausa da fari ta bakin Bahar Rum ta taso. Ko an bi kalmar «Talyan» ko an bi «itriya», sawun yana komawa wuri ɗaya ne, wato biranen gaɓar teku irin su Tarabulus da Tunis, inda ayarin hamada ke ɗaukar kaya.

Dalilin da ya sa wannan abinci ya iya doguwar tafiya yana cikin halittarsa. Garin alkama yana da danƙon da hatsi da dawa ba su da shi, shi ya sa ake iya jan kwaɓinsa ya yi tsawo bai tsinke ba. Idan ya bushe yakan yi watanni bai lalace ba, ba ya da nauyi, ba ya kuma bukatar turmi. Guzurin matafiyi ne tun asali.

Alkama da ayari

Ƙasar Hausa ƙasar hatsi ce da dawa da maiwa. Alkama ba ta jure zafin damina, sai a lokacin ɗari ake shuka ta a fadama, ana ba ta ruwa da jigo ko da ƙwarya, a girbe ta kafin zafin bazara ya kama. Haka ake nomanta a fadamun Kano da na bakin tafkin Cadi, haka kuma a garakan Abzin, inda ake jan ruwan rijiya da sa ko raƙumi. Noma ne mai cin wahala, abin da ake samu kuma kaɗan ne, don haka kullum ta fi hatsi tsada nesa ba kusa ba.

Harshe ya adana wannan tarihi. Kalmar «alkama» kanta daga Larabci take, haka «alkaki» da «alkubus» da «gurasa». Kusan duk dangin abincin alkama da sunayen aro suka shigo, alhali tuwo da fura da kunu suna amsa sunayensu na gida. Waɗanda suka kawo sunayen su ne suka kawo girkin: fatake na Gadamas da Gat da Tarabulus, waɗanda suka zauna a biranen Hausa, suka yi aure, matansu da barorinsu suka koyi sarrafa alkama yadda iyayen gidansu ke so, daga nan sana'ar ta fita zuwa maƙwabta.

A ƙarni na 18 birnin Katsina ne babban zangon waɗannan fatake. Bayan jihadi sai ciniki ya karkata zuwa Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa biranen biyu a farkon shekarar 1851, ya tarar da Katsina ta ragu ƙwarai cikin faɗin ganuwarta, ya kuma tarar da Larabawan Gadamas sun kafu a wajen Dala ta Kano. Cikin dalilan wannan ƙaura har da yaƙin da bai ƙare ba tsakanin sababbin masu mulkin Katsina da tsofaffin sarakunanta da suka koma arewa.

Garuruwan da yaƙi ya haifa

A nan ne Maraɗi da Tsibiri suka shigo cikin labarin. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a wajen 1807, Alƙalawa babban birnin Gobir kuma a 1808. Zuriyar sarakunan Katsina suka yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi a wajen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka rasa rayukansu, sai Mayaƙi ya kafa wa Gobirawa sabon mazauni a Tsibiri da taimakon Ɗan Mari na Maraɗi. Garuruwan biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa a kwarin gulbi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar hantsi ba.

Garuruwa ne na doki da kwari da baka, waɗanda kurmin gulbi ya zame musu garkuwa. Babbar hanyar ayari ta fi bi ta gabas, daga Agadas zuwa Damargu, ta faɗa Damagaram ko Tasawa, sannan Kano. Baƙi sukan iso, kamar Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda ya ziyarci Maraɗi da Gobir a 1851, amma arzikin ƙasar yana rumbu ne da garke. Guzurin mayaƙi dunƙulen fura ne, abincin gida kuma tuwon hatsi da miyar kuka ko ta kuɓewa. Abincin alkama ya tsaya a matsayinsa na marmari, ana ganinsa a gidajen sarauta da na attajirai, da kuma cikin kayan gara idan an aurar da ɗiyar masu hali.

Zamanin gyaɗa da kanti

Shekarun farko na ƙarni na 20 sun juya fuskar ƙasar daga arewa zuwa kudu. Faransa da Ingila suka raba ƙasar Hausa, aka ja iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina. A 1911 Italiya ta kama Tarabulus, a daidai lokacin da layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke yin watanni yana ɗauke da su sai ga shi jirgin ƙasa yana kawo su cikin kwanaki, cinikin hamada kuwa ya durƙushe.

Gyaɗa ce ta ɗaga Maraɗi. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, suna sayen gyaɗa, suna sayar da yadi da sukari da gishiri da fulawa da kayan gwangwani. A shekarun 1940 aka kafa matatar man gyaɗa ta Siconiger. Bayan ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari da ke cikin kwari, aka tayar da sabon gari bisa tudu mai miƙaƙƙun tituna da babbar kasuwa. A shekarun 1950 kuma aka shirya jigilar da ake kira «Hirondelle», inda motoci ke sauka da gyaɗa zuwa Paraku da Kwatano, su hauro da kayan Turai. Daga cikin yaran kamfanoni da dillalan gyaɗa ne aka sami attajiran da Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi.

A kan kantar waɗannan kantuna ne makaronin masana'anta ya fara bayyana. Masu sayensa na farko su ne Turawa da Kwarori da ma'aikatan gwamnati. Kukun Bature ya koyi dafa shi, tsohon soja ya san shi a bariki, ɗan makarantar kwana ya ci shi a ɗakin cin abinci, kowannensu kuma ya koma gida da ɗanɗanonsa a baki. Abu mafi muhimmanci shi ne buhun fulawa. Da farin garin alkama ya samu a kasuwa, wanda ba sai an jira girbin fadama ba, sai tsohuwar sana'ar matan birni ta sami abin aiki mai araha.

Ƴar murji da ƴar inji

Taliyar Hausa ta asali ita ce ƴar murji. Ana kwaɓa gari da ruwa da ɗan gishiri har ya yi tauri, a bar shi ya huta, sannan a riƙa gutsura ana murzawa da tafin hannu har ya zama siririn zare, a shanya. Aiki ne mai cin yini, mai bukatar haƙuri da hannu mai laushi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ƙaramin injin hannu ya shigo, irin wanda kamfanonin Italiya kamar Imperia da Marcato suka yaɗa a duniya. Ana ɗaure shi a bakin benci, a sa curin kwaɓi tsakanin ƙarafa biyu a juya har ya yi faɗi kamar ƙyalle, a mayar da shi bakin yanka ya fito zare-zare, a rataya bisa igiya a tsakar gida, in ya sha iska a naɗe shi ƙulli-ƙulli.

Wannan inji ya zo daidai da wani sauyi a zaman iyali. Yayin da arzikin alhazai ke ƙaruwa, auren kulle ya ƙara yaɗuwa a birni, mata da yawa suka bar gona da kasuwa suka koma sana'ar cikin gida. Polly Hill, wadda ta yi nazarin ƙauyen Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa bayan kowace katanga akwai wata kasuwa da ido ba ya gani, wadda mata ke ci ta hannun yara masu talla. Barbara Cooper ma, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bayyana yadda mata ke tara abin kansu ta hanyar sana'a da biki da kayan ɗaki. Taliya ta dace da wannan kasuwa: jarinta kaɗan ne, ba ta lalacewa in ba a sayar ba, ana kuma yinta ba tare da an taka ƙofar gida ba. Da ribarta aka yi zubin adashi, aka sayi kwanonin jere, aka yi wa ɗiya kayan ɗaki.

Dafa ta ba ya da wuya, sai dai yana son lura. Da yake da garin fulawa mai laushi ake yinta, ba ta jure wuta kamar ta kanti, wadda ta fi kyau idan an yi ta da alkama mai tauri. Sai ruwa ya tafasa sosai ake zuba ta, a motsa sau ɗaya don kada ta dunƙule, bayan ƴan mintoci a tsame a kwando, a ɗauraye da ruwan sanyi. Mahaɗinta na gargajiya man gyaɗa ne da aka soya da albasa, ko manja, da yajin ƙuli-ƙuli. Wasu sukan haɗa ta da wake, wasu su yanka tumatir da dafaffen zogale a kai. Ta haka baƙuwar alkama ta auri gyaɗar Maraɗi, aka sami abincin da ba a san irinsa a Italiya ko Tarabulus ba.

Fari, itace da lokaci

Abin da ya mayar da taliya abincin kowa shi ne sauyin da ya sami birnin kansa. Ƙidayar 1977 ta sami mutum kimanin 44,000 a Maraɗi. A 1988 sun kai kimanin 110,000, a 2001 kimanin 148,000, a 2012 kuma sun haura 267,000. Da yawa daga cikin waɗannan mutane fari ne ya koro su daga ƙauye: na 1973 zuwa 1974, wanda ya karya noman gyaɗa, da na 1984 zuwa 1985, wanda jama'a suka laƙaba wa suna «El-Buhari» saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Wanda ya bar gonarsa ya bar rumbunsa, ya koma cin abin da ya saya da awo. Abincin agaji na waɗannan shekaru kuma ya saba wa harsuna da abin da ba hatsi ba.

Sai a dubi aikin da ke cikin malmalar tuwo guda. A ciro dami daga rumbu, a sussuka, a sheƙe, a surfa, a wanke, a daka ko a kai injin niƙa, a tankaɗe, a yi talge, a tuƙa, miya kuma tana nata wuri. Macen da za ta ciyar da gida da dare tun da hantsi take farawa. Taliya kuwa daga tafasar ruwa zuwa kwano ba ta wuce minti goma. Ga malamar makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da mai sana'a a gida, da ɗiyar da a da ake hana ta zuwa aji don ta tsaya daka, waɗannan sa'o'i dukiya ce.

Ga kuma batun itace. Kurmin da ya kare Maraɗi da Tsibiri daga mahara ya ƙare a gona da murhu, har ya zama sai an sayi itacen girki daga nesa. Ba banza ba ne aka zaɓi Maraɗi ta karɓi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayu na 1984. Tukunyar da ke sauka da wuri ita ke rage kuɗin itace da gawayi da gas, uwargida kuwa ta san wannan lissafi ko ba ta taɓa riƙe alli ba.

Jiratawa da mafarkin alkamar gida

Hukumomi sun lura da cewa bakin jama'a yana komawa ga abin da ƙasa ba ta nomawa, sun kuma gwada magani iri biyu. Na farko shi ne a sa hatsi ya yi aikin alkama. A ƙarshen shekarun 1960 aka kafa masana'antar SOTRAMIL a Damagaram don niƙa hatsi, ta kuma gwada yin taliya da biskit da garin hatsi haɗe da na alkama. Tunanin mai kyau ne, amma kayanta ba su iya gasa da na waje ba, masana'antar kuma ba ta ɗore ba.

Na biyu shi ne a noma alkamar a gida. A farkon shekarun 1980 aka shirya filin noman rani na Jiratawa, kudu da Maraɗi, mai faɗin kimanin hekta 500, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da aka kafa a 1978. Ruwansa daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi da injunan lantarki, alkama kuma tana cikin abubuwan da aka tsara nomawa da ɗari, kamar yadda aka yi a filin Ƙonni. Sai dai manomin da zai biya kuɗin wuta da na taki dole ya shuka abin da zai fitar da shi. Alkamarsa ba ta iya karawa da wadda jiragen ruwa ke saukewa daga ƙasashen da ke tallafa wa manomansu, alhali zogale da barkono da albasa da tumatir suna da kasuwa a bakin ƙofa. A yau sunan Jiratawa ya fi tafiya da zogale. Filin da aka so ya ba da garin taliya ya ƙare yana ba da abin da ake yankawa a kanta.

Najeriya ma ta yi irin wannan gwaji da ƙarfin da ya fi haka. Bayan Gunilla Andrae da Björn Beckman sun wallafa littafinsu na 1985, wanda ya kira dogaro da alkamar waje tarko, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987. Noman gida bai cike giɓin ba, fulawa ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya daga maƙwabta, a 1992 kuma aka janye dokar.

Hanyoyi uku, iyakoki da yawa

Taliyar da ke kasuwar Maraɗi ta hanyoyi uku ta saba isowa. Ta kudu akwai ta masana'antun Najeriya, irin su Golden Penny ta kamfanin Flour Mills da aka kafa a 1960, tana shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, tare da Indomie, wadda aka fara yi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1990, ta kuma kama zukatan yara da masu shayi. Ta arewa akwai ta Aljeriya, inda gwamnati ke tallafa wa farashin alkama, tana biyowa ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit da Agadas a manyan motoci, kusan bisa sawun raƙuman da. Ta teku kuma akwai ta Turkiyya, ƙasar da ke bin Italiya a yawan fitar da taliya a duniya, wadda ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na gaɓar Afirka ta Yamma. Ko wadda aka yi a Ikko, yawancin alkamarta daga ƙetare take. Ita ma ƴar injin da ake shanyawa a tsakar gida a Tsibiri da wannan fulawar ake kwaɓa ta.

Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ko kuɗi sai ya taɓa tukunya. An rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan Turai suka yi tsalle a dare ɗaya. An sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A 2022 yaƙin Rasha da Ukiren, manyan masu sayar da alkama a duniya, ya ɗaga farashinta ko'ina, Aljeriya kuma ta hana fitar da taliya da wasu kayan abinci a watan Maris na wannan shekara. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya toshe hanyoyin kudu har zuwa farkon 2024. A kowane karo uwargidan da ba ta san inda tekun Bahar Aswad yake ba ita ce ta rage yawan abin da take zubawa a ruwa. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kusa da tuwo

Duk da wannan nasara, taliya ba ta hau kujerar tuwo ba. A tsarin cin Bahaushe akwai tuwo, akwai miya, sauran kuwa marmari ne ko abin taɓawa. Dattijon Tsibiri zai ci taliya da dare ya yaba, sannan ya tambaya ko akwai sauran tuwo. Da hatsi ake awon zakkar kono a mafi yawan gidaje, da shi ake dama furar sadaka, da shi ake yi wa maijego kunun kanwa. Al'adun buɗin daji da na roƙon damina mai albarka, waɗanda aka san Gobir da Katsinar Maraɗi da su, duk a kan hatsi suka ginu. Inda taliya ta sami gindin zama shi ne wurin fita kunya: kwalayenta sun shiga kayan gara kusa da buhun shinkafa, ta shiga kwanon salla da ake kai wa surukai, ta zama abin tarbar baƙon da bai yi aike ba.

Amma yaran da aka haifa a birni bayan shekarar 2000 ba su ɗauke ta baƙuwa ba, da yawansu ma sun fi son ta da tuwo. A nan ne abin lura yake. Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman hatsi, jihar Maraɗi kuma tana cikin manyan rumbunanta. Hatsi ya fi farar fulawa sinadarin ƙarfe da dusar da ciki ke bukata, yana kuma yi a jigawar da alkama ba za ta ko tsira ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don tunawa da darajarsa. Tashar binciken noma ta Tarna, da ke gefen Maraɗi ƙarƙashin cibiyar INRAN, ta shafe shekaru tana kyautata irinsa. Abin da ya rasa a gasarsa da taliya shi ne sauri.

Tarihin ya nuna cewa ba wa'azi ne ya shigar da taliya gidajen Maraɗi ba, wa'azi kuma ba zai fitar da ita ba. Mata sun karɓe ta ne domin ta mayar musu da sa'o'in da turmi ke cinyewa, babu kuwa mai adalcin da zai ce su koma. Aikin da SOTRAMIL ta fara ta bari, yanzu ƙananan ƙungiyoyin mata ne suka ɗauka, suna surfa hatsi da dawa, suna mayar da su gari da tsaki da dambu busasshe a leda, wanda za a iya dafawa cikin ɗan lokaci. Ƙarfinsu kaɗan ne tukuna idan aka gwada da kwalayen da ke sauka daga manyan motoci. Ranar da yaron da aka aika wurin mai tebur gab da magariba zai iya samun ledar hatsin Gobir mai dahuwa cikin minti goma, a farashin da bai fi na taliyar Turkiyya ba, ranar ce uwargida za ta sami zaɓi na gaske. Kafin nan, za ta ci gaba da cewa a aza ruwa, farashin abincin darenta kuma a wata ƙasa za a ci gaba da yanke shi.